Kan Surukina Eriya Ne

Mijin autata mutumin kirki ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ba ya zagi, ba ya ɗaga wa kowa hannu, in ya shigo da leda ni yake fara miƙa wa. Ciwonsa ɗaya ne tak: bai taɓa barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba. Kana buɗe baki zai ɗaga maka tafin hannu ya ce, "Na gane, na gane." Likita ya fara yi masa bayanin magani, ya gane. Mai gyaran famfo ya fara nuna masa inda ruwa ke yoyo, ya gane, ya sallami mutumin ya gyara da kansa, shi ya sa har yau in an buɗe famfon banɗaki na kicin ne ke tsiyaya. Tun 'yan layinmu suna kiransa Na-Gane a bayan idonsa har suka koma kiransa a gabansa. Shi kuwa amsawa yake da fara'a, a zatonsa yabo ne.

A gidansu nake zaune tun da gwiwoyina suka yi mini tawaye. Tagar ɗakina tana kallon titi, daidai inda ake ajiye mota. Motar ta Auta ce, da guminta na ɗinki ta saye ta, ta hannu ce amma da lafiyarta. Shi ne dai mai tuƙa ta, shi ne mai goge ta, shi ne kuma mai ce mata "motata" in matarsa ba ta kusa.

Ɗakin ɗinkin Auta yana can ƙuryar gida, in keken ya fara ruri ko ihu na yi ba ta ji. Shi ya sa ta sayo mini wata 'yar ƙararrawa marar waya, maɓalli ne guda kamar ƙaramin sabulu. In na danna a ɗakina, sai ya yi ƙara a can wurinta ta taho. Ku riƙe wannan a ranku.

Abin da ke gabana a makon nan shi ne idona. Yanar ido ta rufe na dama ruf, na hagu kuma gani yake kamar ta cikin labule. Likitan da ke cire yanar ba kullum yake zuwa asibitin ba, tun bara nake jiran layi ya zo kaina. Da ƙyar aka ba ni safiyar Alhamis. Nas ɗin ta ja mini kunne ta ce, "Mama, in kika makara wani za a saka a gurbinki, kuma ba wanda ya san ranar da likitan zai dawo." Na ce mata ko da rarrafe ne zan iso.

Ana cikin haka, a farkon makon, da tsakar rana ina ɗan gyangyaɗi, motar ta fasa kuka. Ba wanda ya taɓa ta. Wiyu-wiyu-wiyu, fitilu na ƙyaftawa, kamar an taka wa aljani wutsiya. Na-Gane ya fito da gudu daga shi sai singileti, yana danna rimot. Ya danna daga nesa, ya danna daga kusa, ya danna yana harararta. Motar ba ta ko san yana yi ba. Ya zura makullin hannu a bakin ƙofa, wanda tun da aka sayo motar ba a taɓa juya shi ba, ya murɗa da ƙarfin tsiya. Ƙofar ta buɗe, amma rabin makullin ya yi zamansa a ciki. Sa'arsa ɗaya, na ajiya ne ya karye.

Auta ta leƙo da tsinken allura a baki ta ce, "Baban yara, ka kai ta wurin mai wayarin, wataƙila ma batirin rimot ɗin ne ya..."

"Na gane, na gane. Ba batir ba ne. Ƙwaƙwalwar alam ce ta rikice. Wani ɗan baƙin akwati ne a ƙarƙashin sitiyari, in na cire shi na duba cikinsa an gama."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Na ji ana bayaninsa."

"Har ƙarshe?"

Ya koma danna rimot. Ni kuwa daga taga na ce, "Kai dai ka tuna da Alhamis." Ya russuna ya ce, "Inna, ki sa ranki a inuwa. Ranar Alhamis motar nan har gaishe ki za ta yi."

A tsallaken titi akwai mai aski, mutum ne da bakinsa ya fi rezarsa kaifi. Jikin katangarmu kuma uwar tagwaye ce, wadda sai ta sha wuya take samu jariranta su yi barci a lokaci ɗaya. Su biyun nan ba abin da ya wuce su.

Da yake kukan ya ƙi tsayawa, Na-Gane ya buɗe bonet ya lalubo bakin jiniyar, ya cire safarsa ya cusa mata. Kukan bai mutu ba, ya dai koma irin na akuya mai mura. Mai aski ya bar kan mutum rabi a aske ya fito bakin shago ya ce, "Na-Gane, ai warin ne ya shaƙe ta. Ka ƙara mata ɗaya ƙafar ta suma gaba ɗaya."

"Kai ka tsaya a kan gashi," in ji shi. "Wannan aikin masu kai ne."

"To ai ni kullum a kan kai nake aiki."

Ya shige ƙarƙashin sitiyari ya kwanta rigingine, ba abin da ake gani sai ƙafafunsa a waje, ɗaya da safa ɗaya babu. Aka ji ɓaras, aka ji ƙwas, aka ji ya ce wash. Can sai kukan ya ɗauke ɗif. Ya fito da baƙin akwatin a hannu, wayoyi na reto a jikinsa kamar hanjin kaza, ya ɗaga shi sama ya zagaya da shi don kowa ya gani.

"Ga ɓarawon zaman lafiyarku! Da mai wayarin ne, da sai ya kwana da motar."

Uwar tagwaye ta ce, "Allah ya yi maka albarka, yau dai ka yi abin kai."

Ya shiga ya murɗa makulli don ya zaga layi a ga aikinsa. Shiru. Ya sake murɗawa. Ko tari motar ba ta yi ba. Ashe wayar da ke tayar da inji ta cikin akwatin nan take bi, don in ɓarawo ya fizge shi motar ta ƙi tashi. Wannan daga baya muka sani. A lokacin dai cewa ya yi, "Hutawa take yi. Ta sha kuka."

Mai aski ya ce, "Ka ba ta ruwa mana."

Washegari ya tashi da sabuwar dabara. Ya ce tunda akwatin ne ke tsakanin wayoyin, sai a haɗa su kai tsaye, ja da ja, baƙi da baƙi. Matsalar, jajayen sun fi ɗaya, baƙaƙen kuma ba a magana. Ya ƙulla, ya naɗe da salatif, ya murɗa makulli. Sai waifa ta kama share gilashi a bushe, ƙiiƙ-ƙiiƙ. Ya sake ƙullawa, ya taka birki, hon ya ɗauka. Ya saki, ya yi shiru. Ya sake takawa don ya tabbatar, ya tabbata. Tagwaye suka amsa daga cikin gida, su ma murya biyu.

Uwarsu ta fito da ɗaya a kafaɗa ɗaya a hannu, ɗankwali a karkace. "Na janye albarkar jiya! Wallahi ka sake taka abin nan, kawo maka su zan yi ka ba su nono!"

"Maƙwabciya, ci gaba ne. Jiya ba abin da ke motsi, yau ga waifa ga hon."

"Sai ka hau waifar ka kai Inna asibiti," in ji mai aski.

Ni dai ina taga ina kallo ta cikin labulen idona, ina ƙirga kwanaki. Ba don motar ba, don Alhamis.

Da ya ga haɗin kai tsaye ya ƙi, sai ya ce dama gwaji ne, yanzu zai mayar da akwatin. Ya mayar, ya cuccusa wayoyin inda ya ga sun shiga. Injin dai bai tashi ba, don alam ɗin ya dawo a kulle, rimot kuma ba ya jin kira. Yana lalube a can ƙasa sai yatsansa ya faɗa kan wani mitsitsin maɓalli da aka ɓoye a lungu. Mutum mai hankali zai tambaya. Shi dannawa ya yi ta yi, yana murɗa makulli yana kashewa, har jiniyar ta saki wata doguwar ƙara ta cikin safa, fitilu suka tsaya a kunne kamar motar ta zuba ido tana jiran a gaya mata wani abu.

Ya fito ya tsaya a gabanta, yana sosa haɓarsa da rimot, yana tunani. A nan ne na hango abin da ke ɗaya hannunsa. Almakashin Auta ne, babban nan na yankan yadi, wanda ko zare ba ta yarda a yanka da shi in ba ita ba. Da shi yake ta datsa wayoyi tun safe. Na lalubo ƙararrawata na danna da ƙarfi don ta zo ta gani.

Motar ta ce kwit-kwit. Ƙofofi suka ce ƙwal. Fitilu suka mutu.

Na-Gane ya daskare, rimot a manne da haɓa. Ya dubi motar, ya dubi rimot, ya shafa haɓar. Ya shiga ya murɗa makulli, inji ya tashi lafiya lau, waifa na taya shi murna. Ya fito yana tsalle.

"Na gane! Wallahi na gane! Kaina ne! Rimot ɗin ba shi da ƙarfi, amma in na jingina shi da haɓata, sai saƙon ya bi ta ƙashin kai ya ƙaru. Kaina eriya ne!"

Auta ta iso ɗakina ta ce, "Inna, ga ni." Na nuna mata taga. Ta ga almakashinta. Abin da ta faɗa masa ba zan rubuta ba, jikokina suna karatu.

Shi ko a jikinsa. Ya tara mai aski da masu jiran aski ya ce su matso su ga ilimi. Ya kafa rimot a haɓa ya danna. Shiru. Ya gyara tsayuwa ya danna. Shiru. Ya ce iska ce ta canza. Sai ya wangale baki, wai don saƙon ya sami ɗakin da zai yi amo. Ƙato da shi, uban 'ya'ya, a tsakiyar titi baki buɗe kamar mai jiran a ɗura masa magani. Na ce a'a, wannan bai kamata in gani ni kaɗai ba. Na danna wa Auta.

Kwit. Mota ta kulle.

"Kun gani? Sai an buɗe baki!"

Mai aski ya ce a ba shi ya gwada. Ya sa a haɓa, ya buɗe baki, ya danna. Ba abin da ya faru, don ni mai aski ba surukina ba ne, ba ruwana da haukarsa.

Na-Gane ya karɓe abinsa ya ce, "Ba kowane kai ba ne. Sai mai abu a ciki."

"Ko kuwa sai wanda ba komai a ciki, saƙon ya wuce ba abin da ya tare shi."

Haka aka wuni. Ni kuma ba na kiran Auta a kan abin da ta riga ta gani, sai in haukar ta ƙaru. Saboda haka buɗe baki ya daina aiki. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, wai ƙasa ce ke shanye saƙon. Na danna. Kwit-kwit. Can ƙafa ɗaya ma ta daina aiki. Ya ɗauko kujerar tsugune ya hau, ƙafa ɗaya, baki buɗe, ɗaya hannun a sama. Na danna. Kwit. Kafin rana ta yi sanyi ya shiga kicin ya ɗauko murfin babbar tukunya ya kifa a ka, wai faranti ne irin na kama tashoshi. Wannan kam sai da na danna har yatsana ya yi zafi, motar ta yi ta kullewa tana buɗewa kamar mai shaƙuwa.

"Ya yi ƙarfi da yawa!" yake ihu daga ƙarƙashin murfi. "Ku ja baya, kada ya taɓa muku wayoyin hannu!"

Kuma wallahi wasu sun ja baya.

Auta ta shigo tana haki ta ce, "Inna, don girman Allah ki bar kirana. Na gan shi. Ni na aure shi, ba sai an yi ta nuna mini ba."

Na ce, "Ni dai na gaya miki tun ranar da ya zo gaishe ni. Ina cikin yi masa nasiha ya ce ya gane."

Ta yi dariya har da hawaye, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Amma dai yana sonki, Inna." Na ce na sani, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ranar Laraba da yamma ya shigo ɗakina da kansa ya ce in ba shi jakata ya saka a mota tun yanzu, kada a yi mantuwa da safe. A cikin jakar akwai magungunan ɗigawa da likita ya ce lallai in zo da su, in babu su ba za a taɓa idon ba. Na ba shi, don maganarsa ta yi kama da ta masu hankali. Ya saka, ya hau kujera da murfinsa don ya kulle motar. Ya daɗe a sama yana lilo, har ni na gaji na danna don Auta ta kawo mini ruwan shan magani. Kwit. Ya sauko yana share gumi.

Daga nan ya bi layi gida-gida. Ya gaya wa kowa ya fito da safe ya ga yadda zai buɗe mota daga tsallaken titi. Ya ce zai kama shagon da ke jikin na mai aski ya buɗe wurin gyaran alam, har ya fara tunanin abin da za a rubuta a allo. Ya ce masu wayarin na garin nan su fara neman wata sana'a.

Safiyar Alhamis na yi wanka, na sa kayana masu kyau, Auta ta riƙo ni muka fito a hankali har jikin mota. Ƙararrawata na bar ta a kan gado, me zan yi da ita ga Auta a gefena? Layi ya cika. Uwar tagwaye da tagwayenta, mai aski da tawul a kafaɗa, masu wucewa da suka ga taro suka tsaya.

Na-Gane ya fito cikin rigar guga, murfin tukunya a hammata. Ya tsallaka titi, ya juyo, ya ɗaga hannu a yi shiru.

Haɓa. Shiru.

Baki. Shiru.

Ƙafa ɗaya. Kujera. Murfi. Motar tana tsaye kamar an zana ta.

"Tana ɗumama ne," ya ce.

Auta ta ce, "Baban yara, lokaci."

"Na gane."

Ya matso tsakiyar titi ya sake yi tun daga farko. Ya matso har jikin gilashi ya yi, hancinsa na gogar ƙofa. Ina hango jakata a kujerar baya, ga ta ga ni. Auta ta ce a tsayar da tasi. Na ce tasi ta kai ni in ce wa likita me, magungunan suna ciki? Aka ce a buɗe da makullin hannu. Aka tuna rabin wancan da ya karye yana cikin bakin ƙofar. Mai aski ya ɗauko dutse ya ce shi a shirye yake, a ba shi izini kawai. Auta ta ce duk wanda ya fasa mata gilashi sai ta ɗinke masa baki.

Ni a lokacin na daina jin dariya. Na dafa motar. Shekara guda ina ƙirga fuskokin jikokina da murya, in yau ta wuce ni ban san ko zan kai wani zuwan likitan ba. Na ce, "Ɗan nan, dube ni." Ya dube ni. Na ce, "In na rasa idon nan saboda murfin tukunya, kai za ka riƙa ja mini sanda har in mutu, kuma duk inda muka je sai na gaya wa mutane dalili."

Gumi ya karyo masa. Ya ce tsawo ne bai isa ba, yau saƙon a sama yake. Kafin a tare shi ya faɗa shagon mai aski ya turo kujerar aski, irin mai juyawa ɗin nan, ya kawo ta bakin kwata. Ya ɗora kujerar tsugune a kanta. Ya hau.

Mai aski ya ce, "Na-Gane, kujerar nan fa in ka..."

"Na gane!"

Ya miƙe a can sama, murfi a ka, rimot a haɓa, baki a wangale, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Kujerar ta fara juyawa da shi a hankali. Ya kalli gabas, ya kalli kudu, ya ba mu baya, ya sake dawowa yana kallonmu da idanu waje, har yanzu bakin a buɗe don kada saƙon ya yanke. A zagaye na gaba ƙaramar kujerar ta ce ita ta gaji. Murfi ya yi nasa wuri yana ƙara a kan kwalta, rimot ya yi tsalle ya faɗa kwata ya nutse, shi kuma ya sauka da mazaunai a bakin kwatar, ƙafa ɗaya a ciki.

Ba wanda ya yi dariya da farko, sai da aka ga ya motsa. Daga nan kuma ba wanda ya iya tsayawa.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta shige gida da sauri don ta ɗauko guduma, ta ce gara ita ta fasa abinta da hannunta. Da ta fito, guduma a dama, sai ta miƙo mini wani abu da hagu ta ce, "Riƙe, Inna, na gan ta a gadonki, kya buƙace ta in an kwantar da ke." Ƙararrawata ce.

Na karɓa. Na dubi surukina zaune a bakin kwata yana lalube cikin baƙin ruwa da hannun rigar guga. To kun san hannu da sabo. Kwana biyu ke nan duk na ga abin da ya fi ƙarfina dannawa nake. Yatsana ya danna da kansa, alhali wadda nake kira tana tsaye a gefena.

Kwit-kwit. Ƙwal.

Gudumar Auta ta tsaya a sama. Na-Gane ya ɗago daga kwata ya ce, "Kun gani? Ruwa ma yana ƙara masa..."

Mai aski ya ce, "Rufe mana baki. Inna, sake dannawa."

Na danna. Kwit, ta kulle. Na danna. Kwit-kwit, ta buɗe. Daga can ƙuryar gida kuma ana jiyo ƙararrawar ɗakin ɗinki tana amsawa, ding-dong, ding-dong.

Auta ta sauke guduma a hankali. Ta ce, "Inna, ranar almakashi, lokacin da kika kira ni..." Na ce lokacin ne ta fara. "Da ya buɗe baki?" Na kira ki. "Da ya hau kujera?" Na kira ki. "Murfin tukunya?" Na ce wannan ai har kika yi mini faɗa.

Ashe ɗan maɓallin nan da ya yi ta dannawa a lungu, na koya wa akwatin sabon rimot ne. Ya goge nasa, motar ta tsaya tana jiran duk abin da za a fara danna mata ta riƙe. Nasa batir ya mutu tun farko, kamar yadda matarsa ta so gaya masa. Nawa ne ta ji, nawa ta riƙe.

Uwar tagwaye ta zauna a dakali tana riƙe ciki. Mai aski ya ce, "Wato kwana biyu kana rawa, Inna ce ke kaɗa maka!" Ya juyo gare ni ya ce, "Inna, shagon da ke jikina ke za ki kama."

Na-Gane ya buɗe baki. Na ɗaga masa tafin hannu na ce, "Na gane, na gane. Shiga ka tuƙa."

Haka muka tafi, shi da ƙafa ɗaya jiƙe da ruwan kwata, waifa na share busasshen gilashi, duk inda ya taka birki hon ya ɗauka. Wannan ma ya yi mana rana, don duk wanda ke gabanmu kaucewa yake yana zaginmu. Muna shiga nas ɗin na kiran wanda za a saka a gurbina. Na ce mata, "'Yar nan, mayar da shi, ga mai wurin ta iso." Na-Gane ne ya ɗauke ni cak daga bakin ƙofa har kan kujerar jira, yana wari yana ba ni haƙuri.

Da aka cire mini bandeji, fuskar da na fara gani tar ita ce tasa, ya durƙusa a gabana yana leƙen idon. Na ce, "Ashe haka kunnuwanka suke da girma? To me ya hana su aiki?" Ya yi dariya, Auta kuwa kuka ta yi.

An kai motar wurin mai wayarin ya raba waifa da hon da birki, kowa ya koma gidansa. Da ya zo kan rimot, na ce a bar shi yadda yake. Na-Gane ya ce to in ba shi ƙararrawar ya riƙa fita da ita. Na ce in na ba ka, da me zan kira Auta? Abin da ya rage masa ɗaya ne. Yanzu duk inda motar za ta, da ni ake zuwa, a kujerar gaba. Na ga kasuwa, na ga makarantar jikokina, na ga sabuwar gadar da aka gina ina cikin duhu. In mun isa ya zagayo ya buɗe mini ƙofa, ya russuna ya ce, "Inna, a taimaka a danna." Wani lokaci nakan ɗan yi kamar ban ji ba.

Kada ku ɗauka ya daddara. Shekaranjiya ina taga na jiyo shi a shagon mai aski, an naɗe masa wuya da tawul, yana gaya wa wani baƙo cewa shi ya tsara abin haka da gangan.

"Tsaro ne da babu irinsa. Duk ɓarawon da ke son motar nan, sai ya fara sace surukata."

Mai aski ya leƙo ya ce, "Inna, kin ji?"

Na ce na ji, kuma a gaya wa ɓarawon ya zo da wuri, don ni gaba nake zama. Sannan na danna, motar ta ce kwit.